Zauren Masu Karatu: Wa Ya Jera Finafinan, Me Kuma Ya Ƙirga?

Yawancin wasiƙun da suka taru mana a wannan wata a kan abu ɗaya suke, wato jerin finafinan da ake yaɗawa a intanet, inda za a ce waɗannan su ne goma da suka fi kyau a duniya, ko kuma a ce jarumi wane ya fito a finafinai kaza. Mun zaɓi wasu daga ciki, mun kuma taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na duba shafin IMDb na ga The Shawshank Redemption ne na ɗaya a duniya. Sai abokina ya nuna mini jerin wata mujalla ta Ingila, inda wani fim da ban taɓa jin sunansa ba ya zo na ɗaya, shi kuwa Shawshank ko cikin ɗarin farko bai shiga ba. Wanne ne na gaskiya a cikinsu? (Daga wani ɗalibi, Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Dukansu biyu na gaskiya ne, sai dai ba mutane iri ɗaya aka tambaya ba, kuma ba tambaya ɗaya aka yi musu ba. Shafin IMDb, wanda wani Baturen Ingila mai suna Col Needham ya fara a 1990 kafin kamfanin Amazon ya saye shi a 1998, yana barin duk wanda ya yi rajista ya ba fim maki daga ɗaya zuwa goma, kuma daga waɗannan makin ne ake fitar da jerin finafinai 250 da suka fi samun yabo. Ba tara makin ake yi a raba kai tsaye ba. Sai fim ya sami ƙuri'a aƙalla 25,000 kafin ya shiga sahu, ana kuma fifita ƙuri'ar masu jefawa a kai a kai, sannan kamfanin ya ɓoye cikakken yadda yake lissafin don kada magoya bayan wani fim su haɗa baki su yi magudi. Duk da haka an sha gwadawa. A 2008, lokacin da The Dark Knight ya fito, masoyansa sun yi ta ba shi goma har ya hau saman jerin na ɗan lokaci ya ture The Godfather na 1972, kuma da ƙura ta lafa sai Shawshank ya zauna a kujerar, bai sauka ba har yau.

Abin da irin wannan zaɓe yake sakawa da alheri shi ne fim ɗin da bai ɓata wa kowa rai ba. Shawshank labarin wani ma'aikacin banki ne da aka ɗaure a kan kisan da bai aikata ba, ya yi haƙuri kusan shekara ashirin a gidan yari, ya yi abota ta gaskiya a can, daga ƙarshe azzalumai suka ga sakayya. Da wuya ka sami wanda zai kalli wannan ya ba shi maki biyu, ko ɗan Kano ne ko ɗan Tokyo. Abin da ya kamata ka sani kuma shi ne, da ya fito a 1994 bai mayar da kuɗin da aka kashe masa ba a zagayen farko a gidajen sinima, an kuma saka shi takarar Oscar, babbar kyautar finafinai ta Amurka, a rukuni bakwai bai ci ko ɗaya ba. Kaset na haya da tashoshin talabijin da suka riƙa maimaita shi ne suka gina masa sunan da yake da shi yanzu.

Mujallar da abokinka ya nuna maka kuwa ita ce Sight and Sound, ta Cibiyar Finafinai ta Birtaniya, wadda take gudanar da zaɓe sau ɗaya duk bayan shekara goma tun daga 1952. A nan ba kowa ke jefa ƙuri'a ba. Gayyata ake aika wa masu sharhin fim, da malaman jami'a, da masu kula da ɗakunan adana finafinai, da masu shirya bukukuwan nuna fim, kowannensu ya rubuto finafinai goma, sai a ƙirga wane fim ne ya fi fitowa a takardun. A 1952 wani fim na Italiya, Bicycle Thieves, shi ya zo na ɗaya. Daga 1962 har zuwa 2002, zaɓe biyar ke nan a jere, Citizen Kane na Orson Welles da ya fito a 1941 ne ya riƙe kambun. A 2012 Vertigo na Alfred Hitchcock ya ture shi da ƙuri'a 191 a kan 157, sannan a 2022 fim ɗin da ba ka taɓa jin sunansa ba, Jeanne Dielman, wanda wata 'yar Beljiyam mai suna Chantal Akerman ta ba da umarni a 1975, ya zama na ɗaya, karo na farko ke nan da aikin mace ya hau wannan matsayi.

Su waɗannan masu zaɓe ba daɗin labari kaɗai suke dubawa ba. Suna tambaya ne, wane fim ne ya canza yadda ake yin fim? A Citizen Kane, Welles yana ɗan shekara 25 ya yi fice da salon da za a ga wanda ke kusa da kyamara da wanda ke can ƙurya duk tar a lokaci guda, ya kuma ba da labarin mutum ɗaya ta bakin mutane daban-daban bayan mutuwarsa, kowa da irin nasa bayanin. Jeanne Dielman ya fi awa uku, kuma mafi yawansa wata bazawara ake nunawa tana feren dankali, tana wanke-wanke, tana gyaran gado, kyamara a kafe wuri ɗaya ba ta motsi, har mai kallo ya haddace tsarin ranarta, ta yadda ranar da dankalin ya dahu ya wuce misali sai gabansa ya faɗi don ya san wani abu ya lalace a rayuwarta. Masu sharhi suna ganin wannan gagarumar fasaha ce. Mai kallon da ya dawo daga kasuwa a gajiye kuwa yana iya yin barci kafin rabin awa, kuma ba zan ga laifinsa ba. (Ina ƙara jan kunne cewa akwai abubuwa a cikinsa da ba su dace da kallon iyali ba.)

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba, alhali shi ne ya fi bayyana canjin. A 2002 masu zaɓen ba su kai 200 ba, a 2012 suka zama 846, a 2022 kuma 1,639, aka shigo da mata da yawa da mutanen ƙasashen da a da ba a tambayarsu. Fim ɗin Akerman bai canza ko daƙiƙa ɗaya ba tsakanin 2012, lokacin da yake can wajen na talatin da wani abu, da 2022 da ya zama na ɗaya. Masu zaɓen ne suka canza. Har ma a cikin mujallar ita kanta ba a haɗu a kan magana ɗaya ba, domin tun 1992 akwai zaɓe na daban da daraktoci ke yi, kuma a 2022 su 2001: A Space Odyssey na Stanley Kubrick suka ɗora a sama. A ganina, idan fim kake nema ka kalla da dare ka ji daɗi, jerin IMDb ba zai cika ba ka kunya ba. Idan kuwa kana da niyyar riƙe kyamara wata rana, to ɗarin farko na Sight and Sound sun fi amfani gare ka, ko da rabinsu za su gundure ka.

Tambaya: Na ga wani fim an rubuta ya sami kashi 95 cikin ɗari a shafin Rotten Tomatoes, na sayi data na kalla, sai na ga ba wani abin a zo a gani ba ne. Shin sayen makin ake yi? (Daga wata mai karatu, Kaduna)

Amsa: Malama, matsalar tana wajen fahimtar lambar. Kashi 95 ba ya nufin masu sharhi sun ba fim ɗin maki 95 cikin ɗari. Abin da yake nufi shi ne, a cikin kowane sharhi ɗari da shafin ya tattara, 95 sun karkata zuwa yabo, ko da yabon bai wuce a ce “ba laifi” ba. Saboda haka fim mai matsakaicin kyau wanda kowa ya ce ba laifi yana iya samun 95, shi kuwa fim mai ƙarfin hali wanda wasu suka ce gwani ne wasu suka tsane shi ya tsaya a 65. Shafin yana ɗaukar duk abin da ya kai kashi 60 a matsayin wanda ya ci jarrabawa. Don ki ga yadda lambar take da rauni, a 2021 an tono wani tsohon sharhi na jaridar Chicago Tribune da aka buga shekara 80 da suka wuce, wanda ya kushe Citizen Kane, da aka saka shi cikin lissafi sai fim ɗin ya faɗo daga 100 zuwa 99, wani fim na yara mai suna Paddington 2 ya wayi gari a samansa. Shafin Metacritic ya fi kusa da abin da kike tsammani, domin shi matsakaicin maki yake fitarwa. Mafi alheri dai ki nemi mai sharhi ɗaya ko biyu da kika ga ra'ayinku yana zuwa ɗaya, ki riƙa karanta dalilansu.

Tambaya: Ni da ƙanena muna gardama. Shi ya ce Avatar ne fim mafi girma a tarihi tunda ya fi kowane fim kawo kuɗi, ni kuma na ce kuɗi ba shi ne ma'auni ba. Ku raba mana gardama. (Daga wani mai karatu, Maraɗi)

Amsa: Ƙanenka yana da gaskiya a kan lambar, Malam, kai kuma kana da gaskiya a kan ma'aunin. Avatar na James Cameron, wanda ya fito a 2009, ya tara kusan dala biliyan 2.9 a gidajen sinima na duniya, Avengers: Endgame na 2019 yana biye da kusan biliyan 2.8. Hasali ma Endgame ya taɓa wuce shi, sai aka sake nuna Avatar a ƙasar Sin a 2021 ya karɓe matsayinsa, wanda ke nuna maka cewa shawarar kamfani ta sake fitar da fim tana iya juya jerin ba tare da wani ya yi sabon aiki ba.

Babbar matsalar ita ce darajar kuɗi. Wanda ya ce manomin bana ya fi kakansa noma don ya sayar da buhun gero da tsada, bai ƙirga buhuna ba, farashi ya ƙirga. Haka tikitin sinima yake: abin da Ba'amurke ya biya a 1939 bai kai dala ɗaya ba, na Avatar kuwa an ƙara masa kuɗi na musamman saboda tabaran da ake sakawa a ga hoto kamar za a taɓa shi. Idan aka daidaita lissafin da hauhawar farashi, Gone with the Wind na 1939 ne ke zama a sama. Sannan jerin da aka yi da dala yana danne ƙasashen da tikiti ke da araha. Indiya tana sayar da tikiti masu ɗimbin yawa a shekara, amma da yake kowane ɗaya kuɗi kaɗan ne, finafinanta ba sa kusantar saman jerin duniya. Sholay na 1975 ya yi shekara biyar ana nuna shi a sinimar Minerva ta Bombay, Dilwale Dulhania Le Jayenge kuma tun 1995 ake nuna shi a sinimar Maratha Mandir, in ban da lokacin da annobar korona ta sa aka rufe gidajen kallo, amma ba za ka ga ko ɗayansu a jerin dala ba. A nan Nijeriya, A Tribe Called Judah na Funke Akindele da ya fito a ƙarshen 2023 ne ya fara haura naira biliyan ɗaya a gidajen sinima, abin alfahari ƙwarai, wanda in aka canza shi a lokacin bai wuce kusan dala miliyan ɗaya ba. Finafinan Hausa kuwa wannan ma'auni ko kallonsu ba ya yi, domin miliyoyin da suka kalle su a kaset, da faifan CD, da gidajen kallo na unguwa, da waya, ba wanda ya yanka musu tikitin da za a ƙirga.

Tambaya: Sau da yawa nakan karanta cewa jarumi wane na Kannywood ya fito a finafinai 500, wani shafin ya ce 300, na duba IMDb na ga ba su kai ko rabin haka ba. Ta yaya ake ƙirgawa? Kuma shin yawan finafinai shi ke nuna girman jarumi? (Daga wata malamar makaranta, Kano)

Amsa: Malama, bari in fara da tambayarki ta biyu domin ta fi sauƙi. Akwai wani ɗan wasan Amurka mai suna John Cazale da ya rasu a 1978 yana da shekara 42, finafinai biyar kacal ya yi a rayuwarsa, kuma dukansu biyar an saka su takarar fim mafi kyau a Oscar, uku daga ciki suka ci. Daniel Day-Lewis na Birtaniya finafinansa ba su wuce ashirin da 'yan kai ba, amma shi kaɗai ne namijin da ya ci kyautar gwarzon jarumi ta Oscar sau uku. A ɗaya gefen kuma, Prem Nazir na jihar Kerala a Indiya ya ja ragamar finafinai fiye da 700, ɗan barkwancin nan Brahmanandam na finafinan harshen Telugu a Indiya ya haura dubu, Amitabh Bachchan da ya fara a 1969 ya wuce 200. Waɗannan lambobi masana'antar suke bayyanawa fiye da yadda suke bayyana mutumin. Inda ake ɗaukar shekara biyu ana shirya fim ɗaya kuma a biya jarumi abin da zai riƙe shi shekaru, jerin zai zama gajere. Inda ake gama ɗaukar fim cikin mako ɗaya ko biyu, kuɗin aiki kuma bai taka kara ya karya ba, dole jarumi ya tashi daga wannan lokeshan ya faɗa wancan, wani lokaci a rana ɗaya, kuma jerinsa zai yi tsawo ko yana so ko ba ya so. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Game da ƙirgawa kuwa, a nan ne aiki yake. Ko a Amurka, inda ake da ƙungiyoyin ƙwadago da ke tilasta rubuta sunan kowa a ƙarshen fim, ana samun saɓani a kan abin da ya cancanci shiga lissafi. Misali, idan aka jera 'yan wasan da finafinansu suka fi tara kuɗi aka kuma haɗa da fitowa ta 'yan daƙiƙu, Stan Lee, marubucin labaran zane na kamfanin Marvel wanda ba ɗan wasa ba ne, shi ke hayewa sama, don kawai a lokacin rayuwarsa yakan leƙo a finafinan kamfanin a matsayin direban bas ko mai gadi ya faɗi jimla ɗaya ya ɓace. To ina ga masana'antar da aka gina ta a kan kaset?

Ki tuna yadda finafinanmu suke fitowa a zamanin da kasuwar Ƙofar Wambai ke tashe. Fim ɗaya za a raba shi, na ɗaya da na biyu su fito a kwali guda, bayan makonni na uku da na huɗu su biyo baya. Shin wannan fim ɗaya ne, ko biyu, ko huɗu? Wanda ya ƙirga labari zai ce ɗaya, ɗan kasuwar da ya ƙirga kwali zai ce biyu, jarumin da ake hira da shi a rediyo yana iya cewa huɗu, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Ga kuma jarumin da aka ɗora hotonsa ƙato a jikin fasta don fim ya sayu, alhali fitowa biyu ya yi a ciki. Ga sunan fim ɗaya da kamfanoni biyu suka yi amfani da shi a shekaru daban-daban. Ga sunan jarumi da aka rubuta iri uku a finafinai uku, wani wuri da laƙabinsa, wani wuri da sunan mahaifinsa. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014, misali ne mai kyau: finafinai masu yawan gaske sun ɗauki sunansa a takensu, da yawa gajeru ne da aka yi cikin 'yan kwanaki, kamfanonin da suka yi wasunsu sun daɗe da rufewa, kuma duk wanda ya ba ki lamba guda ya ce ita ce adadin finafinansa, kintace ya yi. Yanzu kuma da aka koma finafinai masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Labarina, jarumin da ya shafe shekaru yana fitowa duk mako layi ɗaya tal zai samu a jerin, kamar wanda ya fito a fim na awa ɗaya.

IMDb kuwa ba ya aika wakili Kano ya ƙirga. Masu amfani da shafin ne ke shigar da bayanai, ma'aikatan kamfanin su duba su amince, saboda haka fim ɗin da ba wanda ya zauna ya shigar da shi, a wurin shafin babu shi. Shi ya sa ko jarumi kamar Ali Nuhu, wanda ya fara tun 1999, ba lallai ne ki ga duk finafinansa na Hausa a shafin ba. Wanda ke son haɗa jeri mai inganci sai ya koma ga inda aka rubuta abu a lokacinsa. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano tana nan tun 2001, ta ƙasa kuma tun 1993, kuma ƙa'ida ita ce a kai musu fim kafin ya shiga kasuwa. Mujallar Fim ta fara fitowa a 1999, tsofaffin kwafinta cike suke da tallace-tallace da sharhi masu kwanan wata. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan tarihin masana'antar tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. Aiki ne da ɗalibin digiri na biyu zai iya ɗauka a kan jarumi ɗaya, ya rubuta sunan fim, da shekara, da darakta, da kamfani, da matsayin da jarumin ya fito, ya kuma bayyana tun farko ko kashi-kashi yake ƙirgawa ko labari.

Tambaya: Me ya sa ba a ganin finafinan Afirka, balle na Hausa, a waɗannan manyan jerin? Wariya ce? (Daga wani mai karatu, Zangon Kumasi, Gana)

Amsa: Malam, akwai su, sai dai kaɗan ne ƙwarai. A ɗarin farko na Sight and Sound na 2022 akwai biyu daga Senegal: Touki Bouki na Djibril Diop Mambéty, 1973, da Black Girl na Ousmane Sembène, 1966. Ba zan kore wariya gaba ɗaya ba, tunda shekaru da yawa Turawa ne kusan kaɗai ake tambaya, amma akwai dalili mafi kusa da wannan: mutum ba ya zaɓen abin da bai gani ba. Touki Bouki ya shiga ɗarin farko ne a 2012, bayan wata gidauniya da darakta Martin Scorsese ya kafa ta gyara tsohon kwafinsa a 2008, aka yi masa fassara mai kyau a ƙasan hoto, aka zagaya da shi bukukuwan finafinai da jami'o'i. Kafin nan ma fim ɗin yana da kyaunsa, masu gani ne ya rasa.

Afirka kuma tana da nata ma'aunin. Bikin FESPACO da ake yi a Wagadugu ta Burkina Faso ya fara a 1969, kuma da aka ƙirƙiro babbar kyautarsa a 1972, wanda ya fara lashe ta ɗan Nijar ne, Oumarou Ganda, da fim ɗinsa Le Wazzou polygame. Ɗan Nijeriya Newton Aduaka ya karɓe ta a 2007. Jerin waɗanda suka ci wannan kyauta ya fi kowane jeri na Turai zama jagora ga mai son sanin finafinan nahiyar.

A ɓangaren Hausa, fim ɗin Shaihu Umar wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi shekaru ana ɗauka ya ɓata, sai aka gano kwafinsa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka gyara shi da haɗin gwiwar wata cibiya ta Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. A gasar Oscar, kowace ƙasa fim ɗaya take turawa rukunin finafinan ƙasashen waje, kuma sharaɗi ne mafi yawan maganar ta kasance ba da Ingilishi ba. Wannan sharaɗi ne ya sa aka cire Lionheart na Genevieve Nnaji a 2019, shi ne kuma ya buɗe wa Hausa ƙofa, domin The Milkmaid na 2020 da Mai Martaba na 2024, waɗanda Nijeriya ta tura, da Hausa aka yi mafi yawansu. Babu wanda ya tsallaka zuwa zagayen kusa da ƙarshe na finafinai 15 a cikinsu.

Abin da ke hana finafinan Kannywood na zamanin kaset shiga kowane irin jeri a waje abu biyu ne da ke hannunmu. Na farko, fassarar Ingilishi da ake rubutawa a ƙasan hoto sau da yawa takan ɓata maganar da ta fito da kyau a bakin jarumi, har baƙo ya yi dariya a wurin da ya kamata ya yi kuka. Na biyu, asalin kwafin finafinai da yawa yana kan kaset ɗin da zafi da ƙura suke ci a shaguna da ɗakunan ajiya, abin da ya rage a YouTube kuwa kwafin kwafi ne, hoto ya dushe, sauti yana shaƙewa, an kuma manna tambarin tasha uku a kansa. Amurka ma ta yi irin wannan asara, domin binciken da ɗakin karatu na majalisar dokokinta ya fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin ɗari na dogayen finafinanta na zamanin da ba sauti sun ɓace gaba ɗaya. Sight and Sound za ta sake zaɓe a 2032 idan ta bi al'adarta, kuma furodusan da har yanzu yake da asalin kaset na wani fim na farkon shekarun 2000 a akwati ya kamata ya kai shi a juye a kwamfuta tun yanzu, ya ajiye kwafi biyu a wurare daban-daban, ya kuma nemi wanda ya iya harsunan biyu da gaske ya sake masa fassarar.